A ina yaron Kankiya ko Kusada zai koyi kalangu?

A shekarun 1970, lokacin da Katsina take cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Alhaji Mamman Shata ya tsaya zaɓe ya ci kujerar kansila a Ƙaramar Hukumar Kankiya. Musawa, garin da aka haife shi, tana ƙarƙashin Kankiya a wancan zamani. Ke nan an taɓa yin lokacin da mawaƙin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa yake cikin masu zama a yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin wannan yanki.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yunin 1999, amma muryarsa ba ta bar hanyar Kano zuwa Katsina ba. Ka shiga motar haya daga Gidan Mutum Ɗaya, da wuya ku kai Charanchi direba bai sako shi ba. To, a ce yau wani yaro ɗan shekara 12 a Kafin Soli ko Yashe ya ji kalangun nan ya shiga ransa, ya ce shi ma yana so ya koya. Wurin wa za a kai shi? Wace rana? Wa zai biya wanda zai koya masa?

Cire kalangu ka sa ƙira, ko jima, ko ɗinkin hula, ko saƙar faifai, ko zanen ƙwarya, ko ma tatsuniya, tambayar tana nan yadda take.

A da ba a bukatar yin ta, domin gida shi ne makarantar. Ɗan maƙeri yana zaune gindin zuga-zugi tun kafin ya san ƙidaya. Ɗan makaɗi yana bin ubansa gidan biki rataye da kuntukuru, har ranar da za a miƙa masa babban kalangu. Yarinya tana ɗaukar gaɗa a dandali da farin wata, tana ɗaukar tatsuniya a ɗakin kaka. Ba wanda ya tsara wannan a takarda, rayuwar ce a haka.

Yau ɗan maƙerin yana acaɓa, ko ya tafi ci-rani Abuja ko Legas. Roba ta kori akushi da tulu daga gidaje da yawa. Mai biki ya gano hayar lasifika da yaron da zai riƙa sako waƙa daga kwamfuta ta fi masa sauƙi a kan ɗauko makaɗa biyar da ciyar da su. Ban ga laifin kowa a nan ba, kowa cikinsa yake nema wa. Sai dai hanyar da sani yake bi daga tsoho zuwa yaro ta toshe, kuma ba mu haƙa wata ba.

Abin da muka iya shi ne taro. Kowa ya san fasalinsa. A kafa rumfuna, a jera kujeru, babban baƙo ya zo a makare, a yi jawabi bakwai, sannan a kira ’yan rawa a ba su minti goma, mai gabatarwa yana ta yi musu alamar su taƙaita. A ɗauki hotuna a zuba a Facebook, a naɗe tabarma sai baɗi.

Ba raina taro nake yi ba. Ranar Hausa ta Duniya, wadda ɗan jarida Abdulbaƙi Jari da abokansa suka faro a shafukan sada zumunta a 2015, ta mayar da 26 ga Agusta ranar da Bahaushen Accra da na Yamai da na Khartoum ke jin su abu ɗaya ne. Hawan Sallah kuwa ya kai matsayin da hukumar UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al’adun duniya a Disambar 2024. Amma duk waɗannan baje koli ne, kuma mai baje koli sai yana da inda ake ƙera masa kaya. Mai busa algaitar da ke gaban hakimi ranar hawa, wani ne ya zaunar da shi shekara da shekaru ya koya masa yadda ake riƙe numfashi. Idan shi bai zaunar da wani ba, nan da shekara 20 za a yi hawan da lasifika a bayan a-kori-kura.

Akwai wasu mutane a wata nahiya da suka fuskanci irin wannan matsala a yanayin da ya fi namu tsanani, shi ya sa nake ganin ya kamata mu leƙa mu ga yadda suka yi. Su ne ’yan asalin ƙasashen Latin Amurka da ke zaune a Amurka, irin mutanen Meziko da Kuba da sauran masu jin Sifaniyanci. Ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin kowane biyar a ƙasar. Mu a garinmu muke, harshenmu ake yi a kasuwa da masallaci. Su kuwa ’ya’yansu suna tashi ne cikin Ingilishi, a makarantun da ba a cika koyar da tarihin kakanninsu ba.

Su ma suna da nasu bikin na hukuma. Gwamnatin Amurka ta ware musu mako guda a 1968, aka faɗaɗa shi ya zama wata guda a 1988, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. A watan nan ’yan siyasa kan yi jawabi, kamfanoni su yi talla, kamar dai namu. Abin da ya riƙe musu al’adar a sauran wata 11 ɗin shi ne ya fi jan hankalina.

A 1982, a birnin Shikago, wani malamin makaranta mai suna Carlos Tortolero da wasu abokan aikinsa malamai suka haɗa Dala 900 suka kafa cibiyar fasahar mutanen Meziko. Sun yi shekara biyar suna shirya nune-nune a wuraren aro kafin su buɗe nasu ginin a unguwar Pilsen a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Yau ana kiran wurin National Museum of Mexican Art, shiga kyauta ne, kuma koyar da yaran unguwa zane da sana’ar hannu yana cikin manyan ayyukansa.

A gabashin Los Angeles kuma, a farkon shekarun 1970, wata mai hidimar cocin Katolika, Karen Boccalero, ta haɗa kai da wasu matasa masu zane suka fara aiki a garejin mota. Daga nan cibiyar Self Help Graphics & Art ta samo asali. Da suka ga ba kowane yaro ne zai iya zuwa wurinsu ba, sai suka gyara wata mota suka cika ta da kayan zane, tana zagaya makarantu da unguwanni.

Malaman makaranta da gareji da mota guda. Babu minista a farkon labarin, babu kwangila.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ya kamata ya zame mana gargaɗi. Mutanen Meziko suna da bikin tunawa da mamata a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, wanda asalinsa abu ne na cikin gida da maƙabarta. Wannan aƙidarsu ce, ba tamu ba, kuma ba shi nake cewa a kwaikwaya ba. Abin lura shi ne, a 2015 wani fim ɗin James Bond mai suna Spectre ya nuna ƙasaitaccen jerin gwano na wannan biki a babban birnin ƙasar, alhali ba a yin irinsa a can. Da baƙi suka fara zuwa neman abin da suka gani a fim, sai hukumomin birnin suka shirya shi a 2016. Haka al’ada take komawa idan mai kallo ne yake tsara ta: a yi wa baƙo abin da yake son gani.

Mu ma mun fara ɗanɗana irin wannan. Dubi abin da ake kira ranar ƙauyawa a bukukuwan aure, inda samari da ’yan mata ke shafa baƙi a fuska, su sa tsumma, su karkace baki suna kwaikwayon mutanen karkara. A Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta haramta shi. Ni abin da na gani a cikinsa ƙishirwa ce. Yaran nan suna son wani abu da za su kira nasu, ba wanda ya nuna musu na ainihi, sai suka ɗauko na ba’a. Kuma wa ake yi wa ba’ar? Kakar wani ce a Tafashiya ko Mawashi, wadda ta san waƙar daɓe da ta niƙa da ba a taɓa rubutawa ba. Hani zai iya tsayar da shafa baƙin, amma ƙishirwar tana nan.

Ga abin da nake ganin Kankiya da Kusada za su iya, ba tare da jiran kowa daga Abuja ba.

A nemi aji ɗaya ko biyu a makarantar firamare ta cikin gari. A tsayar da rana guda a mako wadda ba ta canzawa. Alhamis bayan La’asar ta fi dacewa, tunda yawancin makarantun allo da Islamiyya suna hutu Alhamis da Juma’a, yaran kuma suna gararamba a layi. A ɗauko masu sana’a na garin, maƙeri da baduku da mai ɗinkin hula da makaɗi, da tsohuwar da ta iya saƙar faifai da tatsuniya, kowa da rukuninsa. Maza daban, mata daban, mata su koyar da mata. A tashi kafin Magariba. Sannan a biya masu koyarwar duk ƙarshen wata, ba a ce musu Allah Ya saka da alheri kawai ba.

Mu yi lissafi a fili. Masu koyarwa biyar, kowa Naira dubu 25 a wata, ya kama dubu 125. A shekara Naira miliyan ɗaya da rabi. A ƙara rabin miliyan na fata da zare da kaba da gawayi, ya zama miliyan biyu. Wannan bai kai kuɗin kwancen mota ɗaya mai lafiya ba. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, to ko hukuncin ya kankama ko bai kankama ba, babu shugaban ƙaramar hukumar da zai ce miliyan biyu a shekara ta fi ƙarfinsa. Idan ma ya ce haka, ’yan asalin garuruwan nan da ke Kaduna da Abuja da Legas, waɗanda ke da zaurukan WhatsApp ana ta muhawarar siyasa dare da rana, mutum 40 kowa ya ba da dubu biyar a wata sun wuce abin da ake nema.

Na san abin da za a fara cewa: addini. Maganar tana da nauyi, kuma ba a amsa ta da gatse. Akwai malamai masu ganin kiɗa bai halatta ba, akwai iyayen da ke bin wannan fahimta, haƙƙinsu ne. Amma a duba jerin da kyau. Ƙira ba kiɗa ba ce, dukanci ba kiɗa ba ne. Zayyanar allo, da rubutun ajami, da dafa tawada, da ɗinkin gafakar Alƙur’ani, duk fasaha ce, kuma a tsangaya aka raine ta. Rera rubutacciyar waƙar wa’azi ba tare da kiɗa ba hanya ce da Nana Asma’u ta bi ta karantar da matan karkara tun ƙarni na 19. Langa da kokawa da dara wasanni ne. Bori da abin da ya yi kama da shi ba su da gurbi a ajin yara, a faɗi haka tun ranar farko. A sa limamin gari cikin kwamiti tun kafin a sayi ko allura. Uban da bai yarda da kalangu ba, ɗansa ya shiga ajin zayyana, ba a yi faɗa ba.

Cikas na gaskiya, a ganina, ya fi wannan zurfi, kuma ba mu cika son a taɓo shi ba. Muna son kiɗa, muna raina makaɗi. Muna kiransa maroƙi. Mu yi masa liƙi a filin biki, gobe ɗansa ya zo neman auren ’yarmu mu ce a binciki asali. Haka muke yi wa mahauci da wanzami da majemi, kowa da gwargwadon nasa rainin. Shata kansa bai gaji kiɗa ba, kuma sananne ne cewa mahaifinsa bai so ya shiga waƙa ba saboda ana ɗaukarta roƙo. Mutumin da aka so a hana shi, shi ne Jami’ar Ahmadu Bello ta bai wa digirin girmamawa na dakta a 1988. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi sunan da har yau ba a cike gurbinsa ba, amma iyaye nawa ne za su yi murna idan ’yarsu ta ce ita amada za ta yi?

Wannan raini shi ne yake sa mai sana’ar da kansa ya hana ɗansa gado. Ya sha wulaƙancin, ba ya so ɗansa ya sha. Taron shekara-shekara ba ya gyara wannan, ƙara shi ma yake yi, domin a can makaɗi yana rana, manya suna inuwa, a ƙarshe a jefa masa abin da aka ga dama. Aji kuwa yana juya zaman. Ranar da makaɗi ya tsaya gaban yara 20 suna ce masa Malam, ya sa hannu a takarda ya karɓi alawus kamar kowane mai koyarwa, ranar ɗansa zai fara kallon kalangun da ke rataye a ɗaki da wani ido. Ko don wannan kaɗai, ni na ga kuɗin sun biya.

Sai maganar tsaro. Ba wanda ke zaune a tsakiyar Jihar Katsina da zai yi wasa da ita. Hare-haren ’yan bindiga sun taɓa Matazu da Musawa da ƙauyukan Kankiya, kuma tsoron dare yana cikin abin da ya ƙarasa kashe dandali. Ko a Kano, ’yan sanda sun sha dakatar da tashe a watan azumi saboda ɓata-gari da ke fakewa da shi. Shi ya sa na ce da rana, a cikin gari, a harabar makarantar da kowa ya sani, da sunan kowane yaro a rajista. Wasan da ba shi da mai kula shi ne ɓata-gari ke shiga.

Akwai kuma abin da ba zan yi alƙawarin zai magance ba, amma ina ganin ya cancanci a gwada. Rikicin shekarun nan ya sa yaron gari da yaron ruga suna tashi ba su san juna ba sai a labarin tsoro. Kakanninsu sun yi cinikin nono da hatsi, sun kalli sharo tare, sun yi wa juna ba’a. Idan mai koyar da zanen ƙwarya Bafulatana ce, mai koyar da sarewa makiyayi ne, aƙalla yaro zai san wani Bafulatani da suna, ya gaishe shi a matsayin malaminsa. Ba sulhu ba ne, amma sulhun da manya ke zama su yi a ƙarƙashin itace yana bukatar yaran da za su gaje shi.

Wani zai ce mutane na fama da abin da za su ci, kai kana maganar faifai. Gaskiya ne an sha wuya. Amma hular da aka ɗinka da hannu kuɗi ce, kuma kowa ya san farashinta gab da Sallah. Lauje da fartanya da galma har gobe daga maƙera suke fitowa, ba manomin Kusada da zai shiga damina ba tare da ya bi ta wurinsu ba. Mai lalle a lokacin bukukuwa ba ta zama. Inda matsalar take ita ce yarinyar da ke talla da yamma, wadda ribar tallanta ce cefanen gidan. Wannan sai an zauna da iyaye mata an daidaita, wataƙila abin da yarinyar ta saƙa a aji ya zama nata ta sayar.

Wayar da kake karanta wannan rubutu da ita ma tana da aiki a ciki. Dutsin-ma tana nan kusa, da jami’ar tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa a Katsina. Duk shekara ɗaliban Hausa suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawansu suna maimaita abin da aka riga aka rubuta. A turo su ajin Alhamis su naɗi murya da bidiyo, su rubuta sunan kowane kayan aiki da yadda ake faɗinsa a bakin mai shi. Kwafi ɗaya ya zauna a garin, ɗaya a kai Hukumar Tarihi da Al’adu ta Jihar Katsina. Kuma a nemi izinin tsohon kafin a sa shi a TikTok, a rubuta sunansa, don kada wani ya tara mabiya da basirarsa shi ko kuɗin goro bai gani ba.

Idan an yi shekara ana wannan, to a yi bikin. A lokacin akwai abin nunawa: yaran Rimaye su zo da hulunansu, na Kofa su zo da abin da suka ƙera, a yi langa tsakanin Kankiya da Kusada, babban baƙo ya zauna ya yi kallo, jawabinsa kada ya wuce minti biyar. Bayan an kawar da amfanin gona ya fi dacewa, lokacin da a da ake kalankuwa, aljihu da ɗan nauyi.

Matakin farko ko sisi ba ya ci. Har yanzu garuruwanmu suna da sarakunan sana’a, Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Makaɗa da sauransu, kuma suna amsa kiran hakimi. Hakiman Kankiya da Kusada su sa dagatai su kawo sunan duk wanda ya haura shekara 60 da ke da wata sana’ar hannu ko ta baki a ƙasarsu, da garin da yake, da ko akwai wanda yake koya a wurinsa yanzu. Layi uku ne a takarda. Waɗanda aka samu layinsu na uku babu kowa, da su za a fara buɗe ajin.